An yi wa garke allura kuma cuta ta shigo: ina matsalar rigakafin dabbobi take?

Da zarar damina ta ɗauke, sai a fara jin sanarwa a rediyo cewa jiha kaza ta ƙaddamar da rigakafin dabbobi kyauta, za a yi wa shanu dubu kaza, tumaki da awaki dubu kaza. Tun da aka tabbatar da ɓullar ciwon saifa a wata gona da ke Gajiri cikin ƙaramar hukumar Suleja a watan Yulin 2023, aka kuma kafa ma'aikatar tarayya ta musamman domin harkar kiwo a 2024, irin wannan sanarwa ta ƙara yawa. To amma a ruga da cikin gidaje, maganar da ake yi daban ce. An yi wa awaki allura da kaka, hunturu na shigowa suka kama majina da zawo, rabinsu suka tafi. Wani ya ce ruwa aka ɗura musu, wani ya ce ai allurar ce ma ta kawo ciwon.

Masu binciken lafiyar dabbobi sun shafe shekaru suna bin sawun wannan ƙorafi, daga ɗakin gwaji har bakin turke. Abin da suka gano shi ne yawan allurar da aka yi daban, yawan dabbobin da suka samu kariya daban, kuma tazarar da ke tsakani tana da dalilai da za a iya nunawa ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ake nufi da rigakafi

Rigakafi ba magani ba ne. Ƙwayar cutar ce kanta, wadda aka raunana ko aka kashe, ake sa wa lafiyayyar dabba domin jikinta ya koyi yaƙi da ita. Koyon yana ɗaukar lokaci, galibi mako biyu zuwa uku. Akuyar da ta riga ta kwaso cutar PPR, wato annobar mura da zawo ta tumaki da awaki, tana iya yin kwana huɗu zuwa shida ba ta nuna komai ba. Idan aka yi mata allura a wannan tsakani, za ta kwanta ciwo kamar ba a yi ba, mai ita kuma ya ɗora wa allurar laifi.

Kowace cuta da nata rigakafin. Na ciwon huhun shanu ba ya kare boru, wato ciwon baki da kofato, na saifa ba ya kare harbin daji. Makiyayin da aka ce masa kawai "an yi wa shanunka allura" ba a gaya masa ta wace cuta ba, yana da hujjar yin fushi ran da boru ya shiga garkensa. Tsawon kariyar ma ba ɗaya ba ne. Allurar PPR guda tana riƙe dabba aƙalla shekara uku, wanda a wajen yawancin awakin gida tamkar tsawon rayuwarsu ne. Ta saifa da ta ciwon huhu sai an sabunta duk shekara. Ta boru wata huɗu zuwa shida take yi, kuma boru iri bakwai ne a duniya: rigakafin da aka haɗa domin iri ɗaya ba ya tsare wani, shi ya sa sai an san irin da ke yawo a yanki kafin a sayo.

Abin da bushiya ta koyar

Bushiya, tsohuwar annobar shanu, ita ce cutar dabbobi tilo da aka shafe daga doron ƙasa, an sanar da hakan a 2011. Labarinta shi ne ma'aunin da ake gwada duk wani shiri da shi. Rigakafin da likitan dabbobi Walter Plowright ya samar a Kenya yana ba saniya kariya har ƙarshen rayuwarta da allura ɗaya. An yi amfani da shi a gagarumin shirin rigakafin bushiya mai suna JP15, wanda aka fara a 1962 a ƙasashen yankin Tafkin Chadi, wato Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi, kafin a faɗaɗa shi. Zuwa tsakiyar shekarun 1970 cutar ta kusa ɓacewa, sai kuɗin masu tallafi ya tsaya, ƙasashe kuma suka yi sakaci da yi wa sababbin maruƙa allura. Cutar da ta maƙale a wasu lunguna ta sake bazuwa. Tsofaffin makiyaya har yau suna tuna ɓarnar 1983, kuma hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta ƙiyasta asarar Najeriya a wancan zagaye da kusan dala biliyan 2.

Abubuwan da suka ƙarasa aikin daga baya ba su da wani armashi a ido. An gyara yadda ake busar da rigakafin har ya iya yin wata guda ba firji. An horar da mutanen cikin makiyaya su yi allurar da kansu a wuraren da ma'aikaci ba ya iya zuwa, kamar kudancin Sudan da yankin Afar na Habasha. An kuma koma tambayar makiyaya inda cutar take ɓoye, maimakon jiran rahoton ofis.

Da wannan darasi aka hau kan PPR. A taron Abidjan na 2015 ƙasashe suka amince a kawar da ita nan da 2030. Rigakafin da aka fi amfani da shi a Afirka sunansa Nigeria 75/1, domin daga ƙwayar da aka samo a Najeriya a 1975 aka raunano shi. Ingancinsa ba abin gardama ba ne a wajen masana. Inda gizo ke saƙar shi ne hanyar da yake bi kafin ya isa jikin akuya.

Daga firji zuwa wuyan akuya

Ana sarrafa rigakafin dabbobi a cibiyar bincike ta Vom kusa da Jos, wadda ke aiki a can tun 1924, da LABOCEL a Yamai, da LANAVET a Garwa ta Kamaru. Cibiyar PANVAC ta Tarayyar Afirka da ke Habasha ita ke gwada ingancin abin da irin waɗannan cibiyoyi suka fitar. Yawancin lalacewa bayan an bar masana'anta take faruwa.

Rigakafin PPR da na ciwon huhu masu rai ne, an busar da su sun zama ɗan dunƙulen gari a gindin kwalba mai ɗaukar dabba 50 ko 100. Ana son su zauna a sanyin digiri 2 zuwa 8, ko ƙasa da haka idan ajiyar za ta daɗe. Zafi yana rage yawan ƙwayoyin da ke raye, kuma ragin ba ya komawa: kwalbar da ta kwana biyu a firjin da wutarsa ta ɗauke, ko an sake sanyaya ta, abin da ya mutu ya mutu. Ido ba ya gane haka, sai dai idan dunƙulen ya narke ko ya manne jikin kwalba, alamar iska ko damshi sun shiga. Na boru kuwa matacce ne, a ruwa yake zuwa, shi ƙanƙara ce abokiyar gabarsa. Idan ya daskare ya lalace, don haka ba a jingina shi da ƙanƙarar da ke cikin kula.

Wurin da aka fi yin asara shi ne bayan an haɗa garin da ruwansa. Ruwan haɗin na musamman ne, kuma dole ya kasance da sanyi lokacin haɗawa. Ruwan leda ko na famfo yana kashe ƙwayar. Daga lokacin da aka haɗa, awa biyu ake ba shi, a cikin inuwa, a kan ƙanƙara. A duba yadda aikin ke gudana a unguwa: an buɗe kwalbar dabba 100 da ƙarfe takwas na safe, gida na farko awaki huɗu, na biyu shida, na uku matar gidan ta ce a jira maigida ya dawo. Kafin azahar ba a yi wa arba'in ba, sauran ruwan yana cikin sirinji a aljihun ma'aikaci. Dabbobin da aka yi wa da la'asar sun shiga lissafin rahoto, amma jikinsu bai samu komai ba. Wannan ne ya sa masu bincike ke matsa wa masana'antu su riƙa yin ƙananan kwalabe, kuma ake son a tara dabbobin unguwa wuri guda kafin a fasa kwalba.

Sai kurakuran hannu. Sirinjin da aka wanke da sabulu ko maganin kashe ƙwayoyin cuta yana kashe rigakafi mai rai, tafasa shi ake yi a ruwa zalla a bar shi ya huce. Allurar ƙarƙashin fata ake yi, a ɗaga fatar wuya ko ta bayan kafaɗa. In dabba ta fizge, bakin allura yakan huda fatar ta ɗaya gefen, ruwan ya zube cikin gashi. Allura ɗaya kuma idan ta zagaye garke bayan garke ba a canja ba, tana iya kwasar wata cutar ta raba.

An samar da nau'in rigakafin PPR mai jure zafi, wanda zai iya yin 'yan kwanaki a zafin digiri 40 yana busasshe. Ya rage wahalar neman ƙanƙara a tafiyar ƙarshe zuwa ruga. Amma juriyar tana ƙarewa da zarar an zuba masa ruwa.

Lissafin da rahoto ba ya nunawa

Ba sai an kare kowace dabba cuta ke tsayawa ba. Idan masu kariya suka yi yawa, ƙwayar ba ta samun inda za ta tsallaka. Ga PPR, abin da ake nema shi ne aƙalla kashi 70 cikin 100 na tumaki da awakin yanki su kasance da kariya a jini.

A ɗauki misali domin lissafi kawai. Ƙauye yana da awaki 100. Ranar allura an samu 80, sauran suna kiwo ko an ɓoye su. Cikin 80 ɗin, a ce allurar ta kama a jikin tara cikin kowace goma, an samu 72. An haye ma'auni da ƙyar. To amma garken awaki ba ya zama wuri ɗaya: ana haihuwa, ana sayarwa, ana yanka na suna da na layya, ana sayo sababbi. A shekara guda wajen kashi ɗaya cikin uku na garken yakan sauya. Kafin kaka ta zagayo, masu kariya sun koma 48. Idan kuɗin shekara ta biyu bai fito ba, an dawo gidan jiya. Shi ya sa tsarin kawar da PPR yake cewa a yi wa duk garke shekara biyu a jere, sannan a ci gaba da bin sababbin haihuwa.

'Ya'yan awakin su ma da nasu sharaɗin. Ɗan akuyar da uwarsa ke da kariya yana samun ta a dakashi, kuma wannan kariyar aro tana hana allura kamawa har ya kai wata uku zuwa huɗu. In an yi masa kafin nan an yi asarar allura. In an tsallake shi kuma ba a dawo ba, shi ne zai fara kwanciya. Dabbar da yunwar bazara ta rame ko tsutsar ciki ta cinye, ita ma jikinta ba ya amsa allura sosai, dalili ke nan da ake fifita kaka da farkon rani.

Ciwon huhu: inda masana suka rabu

A nan rigakafin kansa yana da rauni. Nau'in T1/44 da ake amfani da shi ba ya kare duk shanun da aka yi wa a karon farko, sai an maimaita shekara bayan shekara kariyar ke ƙarfi. Yana kuma haddasa kumburi a wurin allurar ga wasu shanu, musamman waɗanda ba a taɓa yi wa ba, cikin mako ɗaya zuwa uku. Kumburin yakan bazu, in ba a yi magani ba saniya na iya mutuwa. Makiyayin da ya ga haka sau ɗaya, baɗi da wuya ya kawo shanunsa. Ba wai Fulani ba su san hikimar rigakafi ba ne: tun da daɗewa suna tsaga fatar karan hancin saniya su cusa ɗan yankin huhun wadda ciwon ya kashe. Abin da suke gudu shi ne a yi allura a tafi, ba mai dawowa duba kumburi.

Da can ana haɗa rigakafin huhu da na bushiya a allura ɗaya. Da aka daina na bushiya, na huhu ya bi shi ya ragu, cutar ta farfaɗo a ƙasashe da dama a shekarun 1990. Botswana ta kashe shanu kusan 320,000 a 1996 domin ta rabu da ita, ta biya diyya. Ƙasashen Sahel ba su da kuɗin haka, kuma shanunsu ba a killace suke ba.

Gardamar yau a kan maganin kashe ƙwayoyin cuta take, irin su oksitetrasaiklin da makiyaya ke kira LA. Tsohon matsayin hukumomi shi ne a guje shi, domin saniya na iya warkewa a ido alhali ƙwayar tana ƙunshe a wani ƙulli cikin huhunta, ta ci gaba da zama haɗari ga garke. Ga kuma matsalar ƙwayoyin cuta da ke sabawa da magani, da ragowarsa a nono da nama. Ɗaya ɓangaren suna cewa makiyaya na amfani da shi ko an hana, gwaje-gwaje kuma sun nuna yana rage yaɗuwa daga marar lafiya zuwa lafiyayyu, don haka gara a tsara shi: magani ga masu ciwo ƙarƙashin kulawar likita, rigakafi ga sauran. Abin da duka suka yarda da shi shi ne kada a haɗa biyun a jikin dabba ɗaya lokaci guda. Rigakafin huhu da na saifa bakteriya ne masu rai, LA yana kashe su. Wanda ya bi shanunsa da LA washegarin allura "don ƙarin ƙarfi" ya goge aikin da hannunsa.

Yadda ake gane ko allura ta kama

Manomin da ke shakkar irinsa yakan ƙirga ƙwaya 100 ya shimfiɗa a jiƙaƙƙen buhu, bayan mako ya ƙirga waɗanda suka tsiro. Gwajin jini shi ne makamancin haka a rigakafi. Ana zaɓen ƙauyuka ta hanyar ƙuri'a, ba waɗanda ke bakin titi kaɗai ba, a ɗebi jinin wasu dabbobi kafin allura, a dawo bayan wata ɗaya zuwa uku a sake ɗiba. In adadin masu kariya bai tashi ba a ƙauyukan da wata tawaga ta yi aiki, alhali ya tashi a na wata, an san inda za a duba: firjinsu, ruwan haɗinsu, ko rahoton da suka rubuta. Gwajin yana da iyaka, domin ba ya bambanta akuyar da ta samu kariya daga allura da wadda ta yi ciwon ta warke. Shi ya sa aka fi mai da hankali kan 'yan ƙasa da shekara ɗaya.

Hanya ta biyu ba ta buƙatar ɗakin gwaji. A zauna da makiyaya a zana da'ira a ƙasa, kowace da sunan cuta yadda su suke kiranta, a ba su tsakuwa ko ƙwayar wake 100 su raba gwargwadon ɓarnar da kowace ta yi musu bara. Sannan a tambayi dalilin kowane tsibi. In an maimaita a rugage da yawa aka ga amsa na dacewa, an samu hoton da rahoton ofis ba ya bayarwa. Zama da mata daban ake yi, domin su ke riƙe da yawancin awaki da kajin gida, kuma jerinsu yakan saɓa da na maza.

Kyauta ko da kuɗi, kuma wa zai riƙe sirinji

Masu goyon bayan kyauta suna cewa cutar da ke tsallaka iyaka ba matsalar mutum ɗaya ba ce, kuma ko naira kaɗan aka sa, talaka mai akuya uku zai janye, a kasa kai kashi 70. Masu cewa a biya wani abu suna nuni da cewa shirin kyauta yana tsayawa duk shekarar da kasafi ya makara, yana kuma karya kasuwar likitoci masu zaman kansu da za su iya zama a karkara duk shekara. Matsakaicin ra'ayi shi ne gwamnati ta ɗauki nauyin cututtukan da ake son kawarwa da masu kama mutane, irin su PPR da saifa, mai dabba ya sayi sauran.

Kan ma'aikatan sa-kai na cikin al'umma, likitoci na fargabar allurar jabu da aikin da ba mai sa ido. Masu kare tsarin suna kafa hujja da bushiya, da kuma cewa dazuzzukan da rashin tsaro ya rufe a Zamfara ko Borno ba mai shigarsu sai ɗan wurin. Haka batun alama: ma'aikata na son a ɗan yanke kunnen duk dabbar da aka yi wa, don kada a maimaita mata ko a ƙirga ta sau biyu. Mai ragon layya kuwa ba ya son a taɓa kunne, saboda tsoron aibi da faɗuwar farashi. Wasu makiyaya kuma ƙirga kanta suke gudu, don jangali bai fita daga ransu ba.

Abin da ya shafi mai dabba kai tsaye

Mai kiwon turke da ke sayo raguna daga Maigatari ko Illela watanni kafin Sallah shi ya fi kowa shiga haɗarin PPR, domin kasuwa ce mahaɗar garkuna. Sabuwar dabba a ware ta kwana 21, da abin cinta da na shanta daban, a yi mata allura tun tana keɓe in lafiyarta ƙalau.

Ga mai kajin gida, rigakafin annobar kaji ta Newcastle, nau'in I-2 mai jure zafi, ɗigo ɗaya ne a ido, ga kaza babba da ɗan tsako, duk wata huɗu. Zagayen da ya fi muhimmanci shi ne na wajen wata guda kafin hunturu, lokacin da annobar ke share akurki.

Mahauta da masu jima su ciwon saifa ya fi shafa, domin yana kama mutum. Dabbar da ta faɗi farat ɗaya, jini baƙi marar daskarewa yana fita ta hanci ko dubura, ba a feɗe ta, ba a cire fatar. Buɗe gawar ne ke sa ƙwayar ta yi sulke ta zauna a ƙasa shekaru gommai. Ƙonewa ake yi ko a binne a rami mai zurfin kamar mita biyu, a sanar da ofishin dabbobi.

Ranar allura kuwa, mai garke yana da haƙƙin ya tambayi sunan cutar da ake yi wa rigakafi, ya ga an ciro kwalbar daga kula mai ƙanƙara, ya san ƙarfe nawa aka haɗa ta, ya karɓi takardar shaida mai kwanan wata, wadda masu ƙetare iyaka da shanu ke buƙata. Idan ta ciwon huhu ce, ya karɓi lambar wayar wanda zai kira in kumburi ya fito a mako na biyu.